Yadda Kyari Ya Yi Shigar Jirgi

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara ratsa Lafiya, lokacin da tsofaffi ke toshe kunne in ya yi kuka, awaki kuma suna tsinke igiya, an yi wani mutum a garin ana ce masa Kyari. Ba mugu ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Bakinsa ne kawai ya fi ƙarfinsa. Duk sana'ar da aka ambata a gabansa ya taɓa yi, ya kuma fi wanda ya ƙirƙiro ta iyawa. Ya yi fataucin gishirin Keana, ruwan sama ya narkar masa da shi a hanya. Ya sari doya a Adogi, ya jibge ta a rana har ta dahu da kanta. Ya shiga dillancin jakuna, ya sayar wa wani mutum jakin mutumin nan na kansa. Daga nan babu wanda ya ƙara ba shi ko allura ya kai kasuwa.

Saura mutum ɗaya a garin da bai gwada shi ba, wato Muntaka, babban mai sayar da riguna, wanda mahaifinsa ya zo daga Kano ya zauna. Shi ma da ya zo gwada shi, ba don halin Kyari ba ne. Bintu ce, matar Kyari, ta yi ta zarya wurin Dijatu matar Muntaka, yau da ƙosai, gobe da roƙo, har Dijatu ta gaji ta yi wa mijinta magana. Aka yi dace kurkunu ya kama Muntaka a ƙafa, ga Babbar Salla ta gabato, ga wani mai jiragen ruwa a Makurɗi, Abdulsalami, yana jiran rigunan da ya yi oda.

Muntaka ya sa aka kira Kyari zaure. Yana zaune ya miƙe ƙafar a kan matashi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kyari, ka taɓa shiga jirgin nan kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ni da jirgi? Ai direban in ya hango ni sassautawa yake yi mu gaisa."

Gaskiyar magana, mafi kusa da Kyari ya taɓa yi da jirgi shi ne ranar da ya laɓe bayan wata ɗorawa a wajen Bukan Sidi, ya leƙo da ido ɗaya har ya wuce.

Muntaka ya sa aka jawo ƙunshin. Akwai kore guda biyu, baƙaƙen rigunan nan da aka rina da shuni aka buga har suna walƙiya, mutum na iya ganin haƙoransa a jikinsu. Akwai rigar tsamiya. Akwai fararen riguna masu aiki a ƙirji, fari ƙal. Akwai rawani ɗan kura, shi ma baƙi mai sheƙi. An naɗe kowace a takarda, an haɗa su cikin tabarma, an ɗaure da igiya.

"Ka ji ni da kyau," in ji Muntaka. "Kore ba ta son ruwa, ba ta son hannu. Tafiyar kuma ba nisa gare ta ba. Ka shiga da hantsi, kafin la'asar kana bakin kogi, Abdulsalami zai tarye ka. Taguwa ɗaya ta ishe ka. In ka kai masa su yadda na ba ka, daga yau kai ne mutumina na jirgi. In ka ɓata su, ko sallama kada ka ƙara yi a zauren nan."

"An gama, ranka ya daɗe. Ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba."

Ran tafiya da safe Bintu ta fito daga madafa ta tarar da igiya a ƙasa, tabarma a shimfiɗe, takardu a warwatse, maigidanta tsaye tsakar ɗaki yana zura kai cikin kore.

"Innalillahi! Maigida, me nake gani?"

"Shigar jirgi kike gani."

"Ba taguwa ɗaya aka ce ba?"

"Wa ya ce? Muntaka? Muntaka mutumin jaki ne. Zauna in koya miki abin da ba ki sani ba." Ya fito da kai ta wuyan rigar. "Fatauci iri biyu ne, na ƙafa da na jirgi. Mai tafiyar ƙafa yana da wata guda a hanya. A kowane zango zai zauna, ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi na kakansa, mutane su san ko shi wane ne. Shi kuwa mai jirgi, kafin ya gama atishawa ya iso. Yaushe zai gaya wa mutane ko shi wane ne? Dole tufafinsa su faɗa."

"To su faɗa da naka tufafin mana."

"Nawa in suka buɗe baki ai tona mini asiri za su yi. Na biyu, a tasha akwai sikeli, ana auna kaya, amma ba a auna mutum. Na uku, taragon kaya cike yake da busasshen kifi da manja. Kina so rigar Salla ta isa Makurɗi tana warin kifi? Ni amanar mutane nake tsarewa."

Ya ɗora kore ta biyu a kan ta farko. Bintu ta dafa ƙirji.

"Ko da za ka sa, me ya sa ka sa kore a ciki, ita da ke zuba?"

"Mai tsada ake ɓoyewa. Ƙura ta sami farare, ba ta sami kore ba. Miƙo mini tsamiyar nan."

Bintu ba ta miƙa ba. Ya ɗauka da kansa. Bayan tsamiya ya bi da fararen, ɗaya kan ɗaya, kowace sai ya yi nishi kafin ta zauna. Da ya gama, hannuwansa suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar na angulu mai shan hantsi. Ya nemi ya sunkuya ya ɗauki rawani, abin ya gagara.

Ana cikin haka Badaru ya yi sallama. Badaru ɗan kawun Kyari ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara bai taɓa ganin Kyari zai faɗa rami ya riƙe shi ba, sai dai ya gyara masa hanya. Ya leƙo ɗakin, ya ja da baya, ya sake leƙowa.

"Bintu, yaushe kuka gina rumbu a cikin ɗaki?"

"Kai ɗan banza, zo ka naɗa mini rawani," in ji Kyari.

"Au, rumbun magana yake yi!"

"Badaru, don Allah ka ba shi haƙuri ya tuɓe," in ji Bintu.

"Ya tuɓe? Haba Bintu. Mutumin da direba ke sassauta wa jirgi? Ai ni gani nake ma rigunan sun yi kaɗan."

Ya ɗauki ɗan kura ya naɗa masa tsaf, ya ja amawali har kan hanci, idanu kaɗai suka rage. Da aka zo fita, ƙofar ɗaki ta ƙi. Sai da Kyari ya juya ya fita a karkace, Badaru na tura shi da kafaɗa. Bintu ta tattara takardun da tabarmar da igiyar ta ɗora a ka, ta yafa mayafi ta biyo su daga nesa, ko Allah zai sa ya shiryu a hanya.

Lokacin kuwa zafin nan ne na gaban ruwa, wanda ko kaza buɗe baki take yi. Tasha tana bayan gari, da 'yar tafiya. Kyari bai kai bakin kasuwa ba sai da mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Masu doya suka miƙe tsaye. Wata tsohuwa mai daddawa ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ɗauka wani babba ne ya zo daga Bauchi, sai da ta ga tsofaffin takalman Kyari a ƙasa ta tashi tana tsaki.

"Kyari, ina zuwa haka?"

"Makurɗi. Harkar jirgi."

"Kai kaɗai ne a ciki, ko da iyali?"

"Ku yi ta dariya. Wanda bai taɓa fita Lafiya ba ai komai abin dariya ne a wurinsa."

Duk wanda ya tambaya sai ya biyo baya. Kafin a isa tasha rabin kasuwa na bayan Kyari, shi kuwa yana ɗauka rakiya ce ta girmamawa, yana ɗaga musu hannu iyakar inda hannun ke iya ɗaguwa.

A tasha matafiya na zaune a inuwa. Ga wani Bayarabe mai sayar da tufafin kanti da 'yar rigarsa shara-shara. Ga wani mai goro da taguwa ɗaya, ya cire takalmansa ya zauna a kai. Ga wasu 'yan kudu da gajeren wando. Kowa kayansa na gefe a ɗaure. Kyari ya dube su ya girgiza rawani.

"Dubi waɗannan, Badaru. 'Yan koyo. Za su sauka a Makurɗi a ɗauka leburori ne."

Akawun tasha mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ɗago kai daga tagarsa, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Malam, mutum nawa ne a ciki wannan riga?"

"Mutum ɗaya ne, amma ya kai goma."

"Ina kaya naka?"

"Ba ni da kaya. Ni babban ɗan kasuwa ba na yawo da ƙunshi."

"Ba kaya, amma kana tafiya kasuwa. To me za ka sayar, iska?" Akawu ya leƙo ta taga ya ƙirga wuyan riguna da ido. "Ah! Na gane. Kai ne kaya. To ka hau sikeli, mu sa ka tarago na kifi."

Tasha ta ɗauki dariya. Kyari ya rantse shi mutum ne, ya kira shaidu, Badaru ya ce shi dai da safe ya san shi mutum ne, amma yanzu ba zai iya rantsuwa ba. Da akawu ya gaji da dariya ya miƙo tikiti, ya ce, "Tafi, tafi. Rana zai auna ka."

Can sai aka ji kuka daga arewa, ƙasa ta fara rawa. Jirgi ya shigo yana huci, yana fesa hayaƙi. Kyari ya ja da baya. Da rigunan sun bar shi da ya koma bayan ɗorawa, amma mutumin da bai iya sunkuyawa ba ina zai iya gudu? Ga rabin kasuwa na kallo. Ya gyara murya.

"Ka ga ya sassauta? Ya gan ni."

Matakalar tarago ta yi tsawo, ƙofar ta yi ƙunci. Ya sa kafaɗa ɗaya, ta shiga. Ta biyu ta ƙi. Badaru da mahauta biyu suka turo daga baya, mai goro ya jawo daga ciki, aka ji wani ɗinki ya ce ɓarrr, sannan Kyari ya faɗa ciki gaba ɗaya kamar buhun auduga. Bintu ta rufe ido.

"Wace ce ta yage?" ta tambaya.

"Ta ciki ce," in ji Badaru. "Mai tsadar."

Taragon rufin ƙarfe gare shi, ya sha rana tun daga Kafanchan. Bencin da aka yi don mutum uku Kyari ya cinye shi kaɗai. A gabansa wata Bafillatana ce zaune, Sailuba, mai tallan man shanu, wadda ta saba zuwa Makurɗi duk kasuwa. Tsakanin Fulani da Barebari, dangin su Kyari, kuwa akwai wasa tun na kakanni, kuma tana ganin idanun nan biyu ta gane mai su.

"A'a! Babarbare, kai ne aka naɗe haka? Wa ya rasu?"

"Ke Bafillatana, kin san nono, kin san saniya. Shigar manya ba fanninki ba ce."

"Gaskiya ne. Mu saniyarmu fata ɗaya take sawa, ta je Makurɗi ta dawo."

Kafin ya ba ta amsa, aka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, tarago ya yi gaba ya yi baya, hayaƙi ya turnuƙe taga. Abin da ya faru shi ne an kwance kan jirgin ne ya tafi shan ruwa a tankin da ke ƙarshen tasha, kamar yadda yake yi kullum in ya iso Lafiya, taragai kuwa suna nan inda suke. Kowa a ciki ya san haka, ban da mutum ɗaya. Kyari ya damƙe benci da hannu biyu, ya runtse ido, ya tura fuska cikin amawali.

"Mun tashi?" ya tambaya da wata siririyar murya.

Sailuba ta dubi mai goro. Mai goro ya dubi Bayarabe. Badaru, da ya maƙale a taga daga waje, ya ɗora yatsa a baki.

"Mun tashi, Babarbare," in ji Sailuba. "Buɗe ido ka ga itatuwa na gudu."

"Na gan su sau dubu. Mu manyan matafiya rufe ido muke yi, saboda tartsatsi."

"To riƙe da kyau, ga gangara."

Ta sa ƙafa ta girgiza bencinsa. Kyari ya fara salati. Mutanen kasuwa suka taru a tagogi, masu toshe baki da hula na yi, masu cizon hannun riga na yi. Bintu ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwa mai daddawa ta riƙe ta.

"Bar shi, 'yata. Ya daɗe yana kai mu garuruwa da baki. Yau mu ma mu kai shi."

Badaru ya toshe hanci ya canza murya. "Agyaragu! Masu sauka Agyaragu!"

"Har mun iso Agyaragu?" in ji Kyari. "Yau direban bai yi sauri ba. Ran da na zauna kusa da shi, kafin in gama bismilla mun wuce nan."

A daidai nan ne gumi ya gama aikinsa na ciki ya fara fitowa waje. Ya jiƙa kore ta farko, ya kwaso shuninta ya kai wa ta biyu, ta biyu ta ƙara nata ta miƙa wa tsamiya, tsamiya ta miƙa wa farare. Farko wani ɗan tabo ne shuɗi ya ɓullo a hammata. Sai ya yi ƙani a ƙirji. Sai na baya ya zagayo suka gaisa. Daga rawani kuma wasu layuka baƙaƙe suka gangaro ta gefen ido suna ɗiga a kan aikin wuyan farar riga, ɗis, ɗis.

"Babarbare," in ji Sailuba, "rigar nan taka da wane launi ka shigo da ita?"

"Fara ƙal. Makauniya ce ke?"

"A'a, tambaya dai na yi. Ka ji zafi in yi maka fifita?"

"Zafi? Ni sanyi ma nake ji. Iskar jirgi ce ba ki saba da ita ba."

"Kadarko!" in ji Badaru ta hanci. "Masu sauka Kadarko, a yi hankali da kaya!"

"Saura kaɗan," in ji Kyari. Muryarsa ta fara yin nisa. "Daga nan sai... sai kogi. Ku dai ku bi ni a baya in mun sauka, kada ku ɓace. Ni duk Makurɗi babu wanda bai... babu wanda..."

Rawani ya karkata hagu. Mai shi ya bi shi. Ya zame daga benci a hankali, ya kwanta a kan ƙwaryar man Sailuba, man da dama ya narke, bai ƙara motsi ba.

Dariya ta tsaya cak. Bintu ta yar da tabarma ta kurma ihu. Badaru ya faɗo daga taga, wannan karon da muryarsa ta gaskiya.

"Ku fito da shi! Wallahi wasa nake yi! Ku fito da shi!"

Fitar ta fi shigar wuya, don yanzu ba ya taimaka wa kowa, sai dai man shanu ya ɗan sauƙaƙa ƙofar. Mutum shida suka ɗauke shi. Wani ya ce a yi fifita, wani ya ce a tuɓe shi, wani ya ce ina za a fara. Wani lebura ya ce ruwa, a kai shi tanki. Kan jirgi ya riga ya sha ya ja baya, babban bututun na rataye yana ɗiga. Aka shimfiɗe Kyari a ƙarƙashinsa. Bintu ta tuna abin da aka ce game da kore, ta ɗaga hannu, sai kuma ta dubi mijinta kwance ba numfashin kirki, ta sauke hannun.

"Ku sakar masa," ta ce.

Lebura ya ja sarƙa. Ruwan da aka tanada don ƙishin jirgi ya sauko a kan mutum ɗaya.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Muntaka ne a kan jaki, ƙafarsa a naɗe da tsumma tana reto. Labari ya iske shi har zaure cewa an ga rigunansa sun bi ta kasuwa da ƙafarsu. Ya tsayar da jakin a bakin wani shuɗin kududdufi da ke ta faɗaɗa, ya zuba ido.

Kyari ya yi atishawa. Ya motsa. Ya tashi zaune cikin ruwan, rawani ya jiƙe ya rufto masa har haɓa kamar an kifa masa tukunya. Ya shafa ƙasa ya ji ruwa ko'ina.

"Alhamdu lillahi," ya ce daga cikin tukunyar. "Binuwai! Na gane ta da sanyinta. Kun gani? Ban ce muku ku bi ni ba?"

Badaru, da hankalinsa ya dawo jikinsa, ya ji tsohon halinsa ya dawo tare da shi.

"Sannu da zuwa, baƙo," ya ce ta hanci. "Ga wani babban mutum nan a gabanka, tun ɗazu yake jiran rigunan nan."

Kyari ya gyara zama, ya juya wajen da ya ji numfashin jaki.

"Abdulsalami! Ranka ya daɗe, sarkin ruwa. Ni ne Kyari na Lafiya, ka sha jin suna. Ga kayanka na kawo maka da kaina. Sababbi fil, daga mabuga sai hannunka, ko ƙuda bai taɓa su ba. Na ɗan ɗora su a jiki ne yanzu-yanzu da za mu sauka, don ka ga yadda suke zama."

Muntaka ya gyara zama a kan jakinsa.

"Ka yi shiru, kyau ya kama ka. Haka kowa ke yi. Shi Muntaka yana gaishe ka. Tsufa ya zo masa, ga ƙafa, ga ido ya fara raguwa. Gaskiya in ba don ni ba da tuni shagon ya rufe. Ni nake zaɓa masa zare, ni nake gaya masa wace kore ce ta ƙwarai. Nan gaba ma ba sai ka neme shi ba, ka neme ni kai tsaye."

Jaki ya yi kuka. Bintu ta tako cikin ruwan har idon sawu, ta kama rawanin da hannu biyu ta ɗage.

Kyari ya ƙifta ido. Fuskarsa shuɗiya ce tun daga goshi har gemu. Ya ga tanki. Ya ga akawu riƙe da ciki. Ya ga mahautan Lafiya, da mai daddawa, da Sailuba a taga tana nuna masa ƙwaryarta. Sannan ya ɗaga kai ya ga wanda ke kan jaki.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "kai ma ka zo Makurɗi?"

Nan tasha ta fashe. Wani mahauci ya kwanta a ƙasa yana dukan turɓaya. Muntaka kaɗai ne bai yi dariya ba.

"A tuɓe shi," ya ce.

Aka tsayar da shi, aka fara ɓare shi kamar albasa. Farar farko ta fito da shuɗin taswira a gaba da man shanu a baya. Ta biyu ta fi ta. Tsamiya ta koma launin da ba shi da suna. Koren biyu suka fito laƙwas, ba sheƙi ba walƙiya, ɗaya da tsaga daga hammata har ƙugu. Kowace aka cire sai Badaru ya ɗaga ta sama jama'a su gani, Kyari kuwa yana raguwa, yana raguwa, har ya rage wani ɗan siririn mutum shuɗi da wando yana rawar ɗari. Ana cire ta ƙarshe jirgi ya yi kuka, ya ja taragansa ya nufi kudu da gaske. Sailuba ta leƙo.

"Babarbare! In gaishe da wa a Makurɗi?"

Muntaka ya dubi tulin rigunan, ya daɗe yana dubawa.

"Abdulsalami zai yi Salla da tsohuwar riga," ya ce. "Ni zan san abin da zan gaya masa. Kai kuwa, Kyari, jirgi da kai kun rabu, zaurena da kai kun rabu. Fararen nan sai dai a kai marina a rine su gaba ɗaya. Koren sai an ɗinke, an sake rini, an sake bugu. Tunda kai ne kake gaya mini wace kore ce ta ƙwarai, gobe da safe ka tafi mabuga. Kai za ka riƙe sandar bugu har sai na ga haƙorana a jikinsu."

Ya juya jakinsa. Bintu ta cire mayafinta ta yafa wa mijinta, ta ɗaure jiƙaƙƙun rigunan ta ɗora masa a ka.

Shuni bai bar jikin Kyari ba har bayan Salla. A masallacin Idi ma an ba shi fili sosai, don kowa na tsoron farar rigarsa. Ya yi watanni a mabuga yana ɗaga sanda yana saukewa, hannuwansa suka yi kanta, bakinsa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Wata rana wani baƙo mai shirin fatauci ya tsaya a ƙofar mabugar yana tambayar wanda ya san hanyar Makurɗi. Masu bugu duka suka nuna masa Kyari da sanda.

Kyari ya ajiye tasa, ya share goshi, ya dubi baƙon da tausayi.

"Makurɗi? Na je. In ka ji shawarata, kada ka wahalar da kanka. Garin ba shi da wani bambanci da nan. Sai dai mutanensu ba su da tarbiyya. Baƙo bai gama sauka ba sun watsa masa ruwa."